Gawayi, gawo da leda: shin da gaske mutanenmu ba su damu da muhalli ba?

Duk shekara idan marka ta kankama, ruwa ya fara cin gidaje, sai a ji magana iri ɗaya. Jami'i ya fito a rediyo ya ce sauyin yanayi ne, matsala ce ta duniya baki ɗaya. Bai sauke numfashi ba sai ya juyo kan jama'a: ku kuka toshe kwatoci da shara, ku kuka sare daji kuka yi gawayi, ku kuka yi gini a hanyar ruwa. A majalisar ƙofar gida kuma a ce ruwa na Allah ne, wa ya isa ya tare shi? Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, sai a ajiye zancen sai baɗi.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan jifan juna ita ce: mutumin Kano, ko Maraɗi, ko Maiduguri, a shirye yake ya sauya yadda yake girki da noma da zubar da shara domin muhalli, ko kuwa gaskiya ne da ake cewa ba ruwansa? Kafin a amsa, sai an fara raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa.

Sauyin yanayi daban, ɓarnar muhalli daban

Idan masana suka ce sauyin yanayi, suna nufin sauyin da ake gani a tsarin zafi da ruwan sama idan aka ɗauki shekaru talatin ko fiye aka kwatanta da na baya. Damina ɗaya mai ƙarancin ruwa ba ta isa hujja ba. Babban abin da ke jawo shi iskar kabon ce da ke fita idan an ƙona kwal da man fetur da gas. Iskar tana taruwa a sama, tana barin zafin rana ya shigo amma tana hana wani kaso nasa fita, kamar motar da aka bari a rana da tagogi a rufe. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, kusan digiri ɗaya da rabi sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu.

Wani zai ce, to in zafi ne ya ƙaru, me ya kawo ambaliya? Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, kusan kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. Saboda haka ruwan da a da zai sauko a hankali cikin kwanaki, yanzu yakan zubo cikin 'yan sa'o'i. Binciken hotunan tauraron ɗan Adam da aka fitar a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya tana cikin wannan sahu.

Hannunmu a wannan hayaƙi kaɗan ne. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Ɗan Najeriya a matsakaici bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke kuwa yana kusa da tan 14.

Ɓarnar muhalli ita ce wadda muke yi da hannunmu a inda muke. Dausayin Haɗeja da Nguru misali ne. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, suka sauya yadda ruwa ke malala a fadamu, ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Dagwalon majemu da ke gangarawa kogin Challawa, da halin da Jakara take ciki a tsakiyar Kano, duk babu ruwan hayaƙin Turai a ciki.

Sau da yawa abubuwan biyu haɗuwa suke yi a masifa ɗaya. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwan Ngadda ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Gaskiya ne daminar shekarar ta zo da ruwa mai yawa a duk faɗin Sahel. Gaskiya ne kuma madatsar ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna a 1994, an sami shekara talatin da za a gyara. Wanda ya ce sauyin yanayi ne kawai ya wanke masu alhakin gyara. Shi ya sa nake ɗan tsarguwa duk lokacin da na ji kalmar ta yi saurin fitowa daga bakin mai riƙe da muƙami.

Abin da mutane ke faɗa idan an tambaye su

A binciken jin ra'ayi da Afrobarometer ta yi a Najeriya a 2022, kusan mutum uku ne cikin goma suka ce sun taɓa jin zancen sauyin yanayi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin hujjar jahilci. Ni ban ɗauka haka ba. Kalmar ce ba su sani ba. Je ka tambayi dattijon da ya yi shekara hamsin yana riƙe da fartanya. Zai ce maka a da ana cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama, yanzu kuwa sai a yi shuka sau biyu ko sau uku, ruwa ya sauka ya ɗauke, gero ya fito ya ƙone a tsaye. Zai lissafo maka itatuwan da ya taso ya gani a bayan gari waɗanda jikokinsa ba su san su ba.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2024 ya tambayi mutum kusan 130,000 a ƙasashe 125 ko za su yarda su ba da kashi 1 cikin ɗari na abin da suke samu domin yaƙi da ɗumamar yanayi. Kashi 69 suka ce sun yarda. Abin lura shi ne mutanen ƙasashe matalauta masu zafi sun fi na ƙasashe masu arziki amincewa, a Amurka ma ba su kai rabi ba. Kuma kusan ko'ina mutane sun zaci maƙwabtansu ba su kai su niyya ba.

Sai dai faɗa da baki ba ta da tsada. A Faransa, inda kowa ya san zancen yanayi tun daga makaranta, da gwamnati ta ƙara harajin mai a 2018, masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna har aka janye ƙarin da aka shirya yi a 2019. Saboda haka wurin da ya kamata a duba shi ne abin da mutane suke yi idan aka zo kan aljihu.

Murhu: inda lissafi ke kayar da niyya

Akwai wata maƙwabciyarmu, mai 'ya'ya shida, mijinta ɗan kasuwa ne ƙarami. Shekarun baya ta yi adashi ta sayi silinda da kan gas, ta yi ta murna ta rabu da hayaƙi da baƙin tukunya. Yau silindar tana lungun kicin, an ɗora mata kwanon gishiri. Kurfoti ya dawo tsakar gida, kullum da hantsi yaro ya je ya sayo gawayi ƙulli biyu a leda. Na taɓa ce mata, Maman Abba, ai gas ya fi sauƙi idan aka yi lissafin wata. Ta ce, Malam, lissafin wata na mai albashi ne, mu na yini muke yi.

Ta fi ni gaskiya. Kananzir ya fita daga hannun talaka tun da aka cire tallafinsa a 2016, risho ya zama tarihi a gidaje da yawa. Gas ya maye gurbinsa a birane, mata suka karɓe shi hannu bibbiyu ba tare da wani dogon wa'azi ba. Silinda mai kilo 12.5 da ake cikawa a kan naira dubu huɗu da wani abu a 2020, ta haura dubu goma sha biyar a 2024. Gawayi kuwa ana sayar da shi daidai kuɗinka. Wannan kuma a ƙasar da ke loda gas a jiragen ruwa daga Bonny zuwa Turai, tana ƙona wani a banza a rijiyoyin man Neja Delta.

Gawayi ya fi itace cin daji. A irin turarawar gargajiya da ake yi, a tara gungume a rufe da ƙasa a bar shi kwanaki yana ci, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Kuma ba kowane itace masu saye ke so ba. Mai nauyi ake nema, wanda ke daɗewa yana ci: ƙirya, marke, har da kaɗanya da ɗorawa, waɗanda a da ba a taɓa su saboda man kaɗe da daddawa. Itacen da ya yi shekara arba'in yana girma yakan ƙare a buhu kaɗan.

Jihohi irin su Bauchi da Jigawa sun ayyana haramcin sare itatuwa domin gawayi. Niyyar mai kyau ce. Amma muddin tukunyar birni tana jiran wuta, abin da haramci ke yi shi ne ya ƙara wa buhu kuɗi, ya ƙara wa masu shinge a hanya na goro. Saurayin ƙauyen da ke turara gawayi da rani shi ne mafi ƙarancin riba a harkar, shi ne kuma aka fi saurin kamawa. Ba a cika maganar gidajen burodi da makarantun kwana da masu tsire ba, alhali a mota-mota suke sauke itace.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kusan mutum miliyan uku a shekara. Uwa da goyon da ke bayanta su ne a bakin murhu.

Abin da ya faru a Maraɗi da Damagaram

Wanda ke cewa Bahaushe ba ya son itace, ya tsallaka iyaka daga Jibiya ko Daura ya duba gonaki.

Bayan farin farkon shekarun 1970 da na 1984, wanda mutanen Nijar ke tunawa da yunwarsa da sunan El-Buhari saboda rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a lokacin, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Iska na binne shuka da rairayi. Ƙungiyoyi sun kashe kuɗi mai yawa suna rainon dashe a leda suna rabawa, akasarinsa ya mutu, wanda rana ta bari awaki suka ƙarasa.

A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona a yankin, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara kututturan manyan itatuwa ne da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko gatari. Manomi ya tsuguna a gindin kalgo ko sabara, ya duba tohon da ya fito kamar guda ashirin, ya zaɓi masu ƙarfi biyu zuwa biyar, ya yanke sauran, ya share ƙananan rassan ƙasa, ya bar su su miƙe. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace ya wuce tsayin mutum. Ba ban ruwa, ba sayen iri. Wasu na kiransa sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, domin a al'ada gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki. Lokacin yunwar 1984 an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona, mutane suka bi don dole, da aka daina rabon da yawa suka sare. Amma waɗanda suka bari sun ga ba sa sake shuka sau uku, ga itacen girki a kusa, ga ganye da 'ya'yan itace na dabbobi da rani, ga reshen sayarwa ranar kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

Akwai wani dalilin da ya fi dabarar kanta nauyi. Tun zamanin Faransawa, doka ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati. Ma'aikacin gandun daji na iya cin tarar mutum a kan reshen da ya yanka a gonar ubansa. Wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Gara a tumɓuke shi tun yana ƙarami. Da riƙon ya sassauta, dokoki suka fara sauyawa, manoma suka tabbatar cewa itacen da suka raina nasu ne, sai lamarin ya bazu kamar wutar daji. Masu bincike da suka gwada tsoffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya cika gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Ana ma ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo tun a ƙarni na 19.

A ɓangaren Najeriya ma, masanin nan Michael Mortimore da ya daɗe a Jami'ar Bayero ya nuna cewa ƙauyukan kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, sun riƙe itatuwan gonakinsu. Kuka da tsamiya da ɗorawar cikin gona kowace da mai ita, har gadonsu ake yi. Dajin da ake cewa na kowa ne shi ke ƙarewa.

A kwatanta wannan da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wadda jihohi 11 na arewacin Najeriya ke ciki. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kusan kashi 4 cikin ɗari ne aka cimma na hekta miliyan 100 da aka yi buri. Na taɓa halartar wani bikin dashe a bakin hanya. An zo da rumfa da kujeru da makaɗa, babban baƙo ya sa hular kwano ya dasa ɗaya, aka yi tafi. Da na bi ta wurin bayan sallar layya, allon sanarwa ne kaɗai a tsaye.

Sola: sauyin da ba a yi wa kowa wa'azinsa ba

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Masu noman rani a fadamun Kano da Jigawa da Kebbi suka ga injin ban ruwa zai cinye tumatirin tun kafin ya nuna. Wasu suka juya injinsu ya koma amfani da gas, masu ɗan ƙarfi suka sayi farantan sola da famfo. Masu cajin waya, masu aski, masu sayar da ƙanƙara, kowa ya fara duban rufin shagonsa. Ba wanda ya yi don ƙanƙarar da ke narkewa a can ƙuryar arewa da kudancin duniya, amma hayaƙin ya ragu.

Shi ma yana da tasa wutsiyar. Famfon da ba ya shan mai ba a saurin kashe shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana da iyaka. Matattun batura da ake fasawa a unguwanni don cire dalma guba ne, kuma yara ne suka fi yin aikin.

Leda: inda laifin namu ne, da inda ba namu ba

A nan ba zan kare kowa ba. Dukkanmu mun san gidajen da da zarar hadari ya haɗo sai a tura yara su juye shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa gidan na ƙasa yake kai ta. Mahauta na shaida irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki.

Duk da haka a lura da 'yan jari-bola. Ba ka ganin ƙarfe ko gwangwani ko robar lemo ta kwana a titi, domin suna da farashi. Baƙar leda da ledar fiya-wata ne ke zama, tun da ba mai saye. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun bi dokar da gaske. Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma leda na nan a kasuwannin Yamai da Maraɗi. Legas ta fara da haramta robar zuba abinci ta soso a 2024. A garin da famfo ba ya kawo ruwa, haramta fiya-wata kafin a gyara famfon wasa ne.

Masu cewa a biya mu, da masu cewa daga Allah ne

Wasu na ganin duk wannan magana rainin hankali ce: waɗanda suka yi shekara ɗari biyu suna ƙona kwal su ne za su hana mu girki da itace? Suna da hujja. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 a shekara kafin 2020 domin tunkarar sauyin yanayi, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Baku a 2024 an ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma karɓi rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin gyaran ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja. Inda hujjar tasu ta gaza shi ne, ko gobe aka biya kuɗin nan duka, ba zai yashe kwatar unguwarku ba.

Masu cewa daga Allah ne, ba wanda ke musu da su a kan wannan. Amma mutumin da ke faɗin haka yana kulle shagonsa da dare, yana kai ɗansa asibiti. Malamai kuma sun sha karantar da cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Mumbarin Juma'a ya fi kowace sanarwar gwamnati isa kunne, sai dai ba kasafai ake jin zancen kwata da gawo a kansa ba.

Abin da ke tafe

Zafi zai ci gaba da ƙaruwa ko da mun daina sare ko da reshe ɗaya, domin ba a hannunmu maganinsa yake ba. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Mai tura baro da mai aikin gini da tsohuwa a ɗakin kwano ba wuta su ne za su fi ɗanɗanawa. Damina mai yaudara na nufin iri mai saurin nuna da sauraron hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, za su ƙara daraja, kuma duk gonar da ta gaji aka faɗaɗa ta cikin burtali, rigima da makiyaya ce ke jira.

Wani sabon abu kuma ya fara shigowa ƙauyuka: kamfanonin da ke biyan kuɗi don a bar itace a tsaye, ko su raba murhu mai cin itace kaɗan, su kuma su sayar wa masana'antun waje shaidar cewa an rage hayaƙi. Zai iya zama alheri ga manomin da ya riga ya raini gawonsa shekara ashirin ba wanda ya ba shi ko sisi. Amma takardar da za a miƙo masa ya dangwala yatsa takan ɗaure gona na shekaru masu yawa. Kafin ya dangwala, a karanta masa da Hausa: shekara nawa ce, nawa zai shiga hannunsa, kuma idan ɗansa zai yi aure yana buƙatar azara, wa ke da ikon cewa a yanke reshe.